Injin da Baffa Ya Kawo

Shekara uku yayana ya yi yana haɗa jirgin sama a bayan gidanmu a Bagudo. Makanike ne, ya koyi aikin a wani filin jirgi can cikin Dahomai, ya dawo da tsohon injin babur a buhu da niyyar sai ya tashi sama, ko da tsayin bukka ne. Ni kuwa masassaƙi ne, turmi da filafilin kwale-kwale nake yi, don haka farfela ta faɗo a hannuna.

Yaya mutum ne mai awo har ya ba ka haushi. Gangar jirgin da gwangwala ya yi ta, fikafikai ya lulluɓe da yadin akoko, kuma duk abin da zai ɗora sai ya hau sikelin auduga, har shi kansa. Ya rage tuwo saboda jirgin nan. Ya sha gaya mini cewa ƙaramin inji da farfela mara nauyi su ne daidai da jikin, idan aka ƙara ƙarfi an ƙara nauyi, hanci ya rinjayi wutsiya. Sau huɗu ina sassaƙa masa farfela yana mayar mini, wai gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. Ta biyar ya ɗora a kan yatsa, ta tsaya cak, ya yi murmushi.

Ana saura 'yan makonni bikin samun 'yancin kai, ranar da Yaya ya sa zai gwada jirgin, labari ya kai kunnen Baffa, wan mahaifinmu, wanda ya riƙe mu tun muna marayu. Ya zo ya duba, ya ga injin babur, ransa ya ɓaci. A ganinsa abin kunya ne mutanen Zagga da Matsinkai su taru su ga ɗan gidansa da injin da mutum ɗaya zai rungume. Bai shawarci kowa ba ya ƙetare iyaka, ya dawo da injin da aka ciro daga wani jirgin ruwa na kogin Kwara. Ƙarti huɗu suka sauke shi daga amalanke, gaban dattawan unguwa, ya ce kyauta ce ga ɗansa.

To, a wajenmu kyautar babba ba a mayar da ita, ba a kuma ajiye ta a lungu. Na ja Yaya gefe na ce ya faɗa wa Baffa gaskiya, abin nan ko jaki ba zai ɗauka ba balle gwangwala. 

"Shi yar riƙe mu," ya ce. "Da wane baki zan ce mishi kyautatai ta yi nauyi?"

Har yau idan na tuna sai zuciyata ta tafasa. Mutumin da ya fi kowa sanin abin da zai faru shi ya kwance injinsa da hannunsa ya ɗaura wancan. Ni kuma aka sa ni sassaƙa sabuwar farfela ta maɗaci, doguwa, mai nauyi kamar taɓarya, don ta dace da shi. Ina sara ina zagi a ciki.

Ranar biki aka turo jirgin kan fako bayan gari. Baffa ya sha babbar riga, yana nuna wa baƙi injin da sandarsa. Aka tayar, ƙara ta kori awaki. Jirgin ya yi gudu bai kai taki talatin ba hanci ya kafe a ƙasa, farfela ta tarwatse, fikafikai suka karye biyu. Yaya ya fito da jini a goshi, mutane suna ta dariya har da riƙe ciki.

Na nufi Baffa, wallahi da niyyar in faɗi abin da ke bakina kowa ya ji. Yaya ya riga ni isa. Ya durƙusa gabansa, jinin na ɗiga a kan fako, ya ɗaga murya yadda na nesa za su ji.

"Baffa, ka yi haƙuri. Injinka lahiya lau yake. Ni ne ban iya awo ba."

Baffa ya dafa kansa ya ce ya yafe masa.