Malam Aƙilu Sabo, Wanda Ya Kai Murhu Kasuwa

Shekara ashirin da shida ke nan, da gari ya waye Malam Aƙilu Sabo zai ɗaure ƙafar wandonsa da roba, ya hau keke daga Ƙofar Jatau, ya fita ta Ƙofar Doka zuwa cibiyar binciken kimiyya ta gwamnati inda yake aiki. Shi ba dakta ba ne. Aikinsa wanke kwalabe, auna itace a sikeli, da rubuta abin da ya gani. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma bai kamata ya tafi shiru ba.

A shekarar 1987 shugaban sashensu, Dakta Ja'afaru, ya kammala bincike kan wani murhun yumɓu mai cin rabin itacen da murhun duwatsu uku ke ci. Aka yi taro, aka tafa, aka kai wa wani kamfani a Kaduna. Kamfanin ya ce ba riba a yumɓu. Shekara biyu murhun na ajiye, Malam Aƙilu na goge shi, alhali yana ganin itatuwan bayan dutsen Kufena suna ƙarewa, idon mai ɗakinsa kuma kullum ja wur saboda hayaƙi.

Wata rana ya nemi izinin Dakta, ya ɗaure murhun a bayan keke, ya kai wa Gwaggo Batulu, tsohuwar maginiyar tukwane a gindin Kufena. Ta juya shi, ta ƙwanƙwasa, ta gina guda biyar. Aka kai ɗaya wurin Hajiya Ummukulsum mai tuwon sayarwa. Waɗanda suka gani har yau in sun tuna sai sun yi dariya: tuƙi na uku murhu ya kife, tuwon mutum talatin ya sha ƙasa.

Hajiya ta dube shi, muciya a hannu, ta ce, "Malam Aƙilu, tsakaninka da Allah, wanda ya tsara wannan ya taɓa tuƙa tuwo?"

Da wani ne sai ya binne zancen, don ƙaramin ma'aikaci ba ya son kai wa na sama labarin kunya. Shi kuwa washegari ya faɗa wa Dakta maganar yadda aka faɗe ta, ko harafi bai rage ba. Dakta ya amsa cewa bai taɓa ba. Ranar Asabar sai ga shi a rumfar Hajiya, ya naɗe hannun riga yana tuƙi, gumi na zuba, mata na gyara masa riƙo. Daga nan aka faɗaɗa gindin murhun, aka buɗe bakinsa daidai tukunyar gida. Gwaggo Batulu ta ce a cuɗa yumɓun da ƙaiƙayi don kada ya tsage, Malam Aƙilu kuma ya dage sai da sunanta ya shiga rahoto.

Manyan cibiyar suka so a riƙa sayar da murhun a ofishinsu kawai. Ya ce musu cikin ladabi matar da ke cikin birni ba za ta zo ofis sayen murhu ba. Suka yarda magina su riƙa yi, shi ya duba, ya danna hatimin cibiyar a kan ɗanyen yumɓu. Yau mata goma sha tara ke cin abinci da wannan sana'a, kuma har cikin kayan amare ake sa murhun.

Malam Aƙilu, kai ne ka ɗauki ilimin da ya kwanta ka tayar da shi. Kai ne ba ka ji nauyin dariyar mutane ba. Gwarzo marar hayaniya, sannunka da aiki.

Da na tambaye shi abin da zai yi bayan ritaya, sai ya ce ya soma koyon gini wurin Gwaggo Batulu, amma ta ce hannunsa na rubutu ne, tukunyarsa ta farko ko kaza ba za a ba wa ruwa a ciki ba.

Mun gode, Malam. Allah ya saka da alheri, ya ba da lafiyar hutawa. Ku kuma matasan da ke ɗakunan gwaji, in kun gama bincike, ku tashi ku je ku tambayi wadda za ta yi amfani da shi.