Wutar Gidan Uwa

Shekarar da aka samu 'yancin kai, kakata Dada ta dawo gidanmu na unguwar Jekadafari a Gombe da zama. In mun taso daga karatun allo bayan isha'i, sai mu kewaye murhu, ita ta miƙe ƙafa tana gasa mana gyaɗa. Ni take fara tsokana: “Angona maras gemu, matso. Tatsuniya bashi ce fa, wanda ya ji a bakin tsohuwa, ga 'ya'yansa zai biya.”

Akwai guda da ba na so. Wai wata yarinya ce uwarta ta rasu ta bar wuta a murhu. Yarinyar ta rantse wutar ba za ta mutu ba. Ba ta zuwa kasuwa, ba ta zuwa biki, kullum tana durƙushe tana hurawa, har furfura ta fito mata, numfashinta ya gajarta, ga shi babu wanda za ta bar wa. Na tambayi Dada sai me ya faru. Ta ce, “Sai maƙwabciya ta shigo da kasko ta ɗebi wuta.” Ta rufe da ƙurunƙus. Na ce wannan ai ba ƙarshe ba ne. Dariya kawai ta yi.

Dada ta riga iyayena tafiya. Bayan Naira ta shigo, Baffa ya rasu, Inna ta bi shi kafin damina ta zagayo. Na yi aure, Allah bai ba mu haihuwa ba. Mutane sukan ce lokaci magani ne. Ni dai ban gani ba. Mai 'ya'ya yakan mayar da sunan iyayensa, ya ji ana kiransu a tsakar gida. Ni kuwa duk asuba ina yi musu addu'a, ina tunanin ranar da bakina zai rufe, a daina ambatonsu.

Maƙwabcinmu Malam Yohanna, Batangale, Inna ce ta yi jinyar matarsa tun suna sabbin zuwa Gombe. Da aka haifa masa jika, ya shigo zaurena ya ce, “Malam, mun sa mata Saratu. Ko ka hana?” Sunan Inna ke nan.

Kewa ba ta ragu ba. Amma jiya Saratu ƙarama, da ta yi wayo, ta zauna a gabana, na ba ta tatsuniyar. Ta ɓata fuska ta ce wannan ai ba ƙarshe ba ne.

Dada, na biya.