Ƙugun Gwaggo Mairam

Duk wanda ya sake ce mini tsufa ne ya kwantar da Gwaggo Mairam, sai mun yi da shi. Shekararta hamsin da takwas fa. Wane irin tsufa?

Ƙanwar babana ce, a Auyo take aure. Shekara arba'in tana bandar kifi, da damina tana duƙe a fadama tana dashen shinkafa. Haihuwa goma sha ɗaya, kowanne ta shayar da shi shekara biyu. Amma a gidan da har bango ke ƙanshin tarwaɗa, ban taɓa ganin tsoka a kwanonta ba. Manyan kifi na kasuwar Haɗeja ne, matsakaita na mijinta Mala da baƙinsa, ƙanana na yara. Nono na furar maigida ne. Ita sai ƙanzo da romo, a tsaye. Wai kunya.

Da can sai ta sunkuya take shiga ɗakinta. Aka wayi gari kanta ba ya kai saman ƙofa, har muna tsokanarta wai ta koma yarinya. Ta ɗaga tukunya, wuyan hannu ya karye, mai ɗori ya ɗaure. Shekara ta zagayo, ɗayan ma ya bi. Ba wanda ya tambayi dalili, har da ni, kuma abin yana cin raina.

Bara ta zame a bakin kwalekwale, faɗuwar da ba ta kai a yi mata sannu ba. Ƙugu ya karye. Wata biyu ana ɗori kafin Mala ya yarda a kai ta asibiti. Likita ta duba hoto, ta ce ƙashin ya rarake kamar itacen da gara ta ci. Tun da al'ada ta ɗauke yake raguwa, kuma dama bai samu abinci ba. Da an zo tun karayar farko, in ji ta, da akwai magani. Na tambaya ko za ta sake takawa. Ta ce kada mu sa rai.

Yanzu kullum Mala sai ya aiko mata da kifi karfasa guda da nono. Sai yanzu!

Ran Juma'a na je gaishe ta, na tarar da 'yarta Barira, goyo a baya, ciki a gaba, tana kankare tukunya a tsaye. Gwaggo ta ja jiki a kan tabarma, ta tura mata kwanon kifin.

"Zauna ki cinye a gabana, har kan," ta ce. "Ni nawa ƙashin ya riga ya tafi."