Matar da Ta Tsayar da 'Yan Rakiyar Burauza

Kafin mai shara ya gama goge ƙasa ta riga ta shigo, kuma ba ta zama. Da jaka a kafaɗa take bin tebura, ta taɓa wannan waya, ta leƙa bayan waccan kwamfuta, tana tsaki ƙasa-ƙasa. Ita ce mai gyara mana kwamfuta, Kashe-Kunna muke ce mata a ofis, don ko ciwon kai ka kai mata, sai ta tambaye ka, "Ka kashe ka kunna?" Ƙarshen watan nan take ajiye aiki, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Shekara da shekaru burauzar da muke aiki da ita, wato manhajar shiga intanet, ba ta tashi da wuri. Ka danna, ka je ka haɗa shayi, ka gaisa da kowa, ka dawo ka tarar tana miƙa. Masu jiran takardunsu sun cika benci suna kaɗa ƙafa. Ni dai ban taɓa kai ƙara ba, a wannan jiran na tara rabin tumbina.

Ita ce ta kasa haƙuri. Ta bi diddigi har ta gano wasu ƙananan manhajoji da burauzar ta zo da su a jikinta: mai fassara, mai duba rubutu, mai karanta shafi da murya. 'Yan rakiya take kiransu. "Uwar ɗaki ba ta fita sai kowa ya gama kwalliya," in ji ta. Ba sa ciruwa, sai ta saita su kowa ya zauna sai an kira shi. Washegari burauza ta buɗe kafin ruwan shayina ya tafasa. Har yau ban gama yafe mata ba.

Ana cikin yi mata tafi ta lura da teburin bakin taga. Dattijon ofishinmu ne a wurin, wanda idanunsa suka yi rauni, da kunne yake aiki. Ya sa abin ji a kunne, ya naɗe hannu, allo a buɗe, shi kuma yana jira.

"Yaya, lafiya?"

"Ƙanwata, yarinyar da ke min karatu ta yi yaji. Ko dai sallamata aka yi ba a faɗa min ba?"

Dariya ya yi, amma ba ta kai ciki ba. Da ma ana ta raɗe-raɗin ya kasa aiki, a bar shi ya huta.

"Ai danna ta za ka yi, ga ta can sama..." Sai ta farga. Wanda ba ya gani, ina zai danna?

Ba ta ci abincin rana ba. Ta warware abin da aka gama yaba mata, ta sake bin 'yan rakiyar ɗaya bayan ɗaya, tana kashewa tana kunnawa, har ta ware mai muryar ita kaɗai ta riƙa tashi tare da burauza. Da muryar ta dawo, dattijo ya ce, "Sannu da zuwa, amarya." Yana nan a teburinsa har gobe.

Ke ce mai gaggawar da ta san inda ake tsayawa. Mun gode, Allah Ya ba ki hutu, in har kin iya shi. Ku kuma masu gyara mana na'urori, in kun ƙara wa abu gudu, ku waiwaya ku ga wa kuka bari a zaune.