Ranar da Shanun Huɗa Suka Ja Motata

Assalamu alaikum, Edita. Na ce bari in ba da labarin nan da kaina, tunda rabin mutanen Tudun Wada sun riga sun ji shi a bakin wasu, kuma an ƙara masa gishiri har ya yi yawa.

A lokacin da abin ya faru ban daɗe da fita takaba ba, ga yara ƙanana a gabana. Abin da maigidana ya bari mai daraja shi ne wata tsohuwar bas da ya cire wa kujeru, ya sa firiza a baya, da katifa da fanka da fitila, yana shiga rugagen gefen Falgore sayen madara, ya kai Kwanar Dangora. Tun yana raye ya koya mini tuƙi, mutane suna surutu shi yana dariya. Da aka raba gado motar ta faɗo a rabon yarana, sai wan mijina, wanda muke kira Yaya, ya ce a sayar, wai mace ba ta shiga daji da mota. Na ce ba za a sayar ba. Aka yi ta ja, har uwar mijina, Inna, ta raba gardama. Ta ce in ci gaba da sana'ar, amma duk ranar da motar ta yashe ni a daji har sai da 'ya'yanta suka je ɗauko ni, to magana ta ƙare, a sayar. Na amsa da bakina a gaban kowa.

Motar nan batiranta kashi biyu ne. Akwai na gaba mai tada inji, akwai manya a baya masu ba firiza da fanka wuta. In inji yana aiki duka suna shan caji tare. In an tsaya kuwa, akwai wani makunni a ƙarƙashin kujerar direba da ake murɗawa a raba su, don kada firiza ta zuƙe na gaba. Marigayi ko ruwa zai tsaya sha sai ya murɗa shi, har ina yi masa tsiya wai ya fi kula da shi a kaina. To makunnin nan ne ya ƙone wata rana. Mai gyaran wayarin da na kai wa ya ce ba shi da irinsa a ƙasa, ya haɗe wayoyin kai tsaye, ya ce ai tunda kullum ina kan hanya ba wani bambanci, Hajiya ki je kawai. Ni kuma ina sauri, madara ba ta jiran mutum. Na ce to, zan dawo a sa sabo, ban koma ba.

Cikin damina na shiga wata ruga da sassafe, na tarar ana suna. Na auna madara na zuba a firiza, na ce zan wuce, kakar jaririn ta riƙe mini mayafi ta ce wallahi ba inda za ni sai na ci naman suna. Kafin in zauna an fara kawo wayoyi da tociloli a yi caji, can sai ga samari da ƙatuwar lasifika. Yaya za ka ce a'a ga mutanen da suka dama maka fura da hannunsu, suke kiranka ɗan gida? Na jona musu duka. Firiza tana ta gurnani, kiɗa yana tashi, ruwan sama ya zo ya wuce, ni ina cikin mata ana ta raha, na manta sam cewa yanzu babu abin da ya raba batirin gaba da na baya.

Bayan la'asar na shiga na murɗa makulli. Ƙas. Na sake murɗawa, ƙas, sai shiru. Sai a lokacin na tuna da makunnin. Wayata cike take da caji, lambar Yaya tana ciki, kuma na san ina kira zai zo da gudu, da igiyar ja da mai saye a bayansa. Na kifa kai a sitiyari na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma da na tuno fuskar da zai yi, sai kukan ya koma fushi. Na ce ko kwana zan yi a nan ina tura ta ni kaɗai, ba zan kira shi ba.

Kakar jaririn ce ta leƙo ta tambaye ni me motar take so. Na ce gangara take so, in ta samu gudu za ta tashi. Na ɗauki sifana na kwance wayoyin baya, maza suka sa kafaɗa, amma taɓo ya riƙe tayoyin, ko motsi. Sai tsohuwar ta juya harshe ta yi wa 'ya'yanta faɗa da Fillanci, ban ji me ta ce ba, na dai ga an taho da shanun huɗa guda biyu an ɗaura musu igiya a gaban motar. Mata suka ɗaure zannuwan sunansu suka shiga taɓo ta baya. Haka aka ja ni har bakin gangara, ina riƙe da sitiyari ina salati. Aka kwance shanun, aka tunkuɗa, na sa giya ta biyu na saki kuloci. Ta yi tari ta ƙi. Na sake taka shi na saki, ta yi wata girgiza, sai inji ya kama. Guɗar da na ji a bayana har yau tana kunnena.

Abin da ban sani ba, wayoyin nan da na cika da caji su ne suka ɗauki komai. Kafin in sauke madara a Kwanar Dangora hoton bidiyon ya riga ni gida. Washegari aka kira ni ɗakin Inna. Yaya ya kunna mata, yana ta huci, ya ce na zubar da mutuncin gidansu, motar ƙaninsa ce shanu suke ja kamar garma, duk gari ana dariya, kuma ai ga abin da aka guda ya faru. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce masa Yaya, dariya ba ta taɓa hana yarana cin tuwo ba, sayar da motar ne zai hana su. Ya ce ku ji rashin kunya.

Inna ta miƙo hannu. Ta karɓi wayar ta kai kusa da idonta, ta sa aka maimaita mata har ƙarshe. Sannan ta miƙa wa Yaya, ta ce idonta ya yi rauni, ya taimaka ya nuna mata wanne ne ɗanta a cikin masu turin nan. Yaya ya duba, babu ɗanta ko ɗaya a ciki. Sai Inna ta juyo ta tambaye ni ko na taho mata da kindirmo.

Nadamata ɗaya ce, kuma ba ta shiga daji ba ce, ba ta jona wa mutanen ruga wayoyinsu ba ce. Da ban jona musu ba, da wa zai shiga taɓo domina? Nadamata makunnin nan ce da na raina, na bari aka haɗe abin da mai shi ya raba da gangan, har na kusa jawo wa marayu asarar abincinsu. Duk mai motar da ya ɗora mata firiza ko fanka, don Allah kada ya yarda a haɗe masa batirin tada inji da na kaya ba tare da abin raba su ba, ko wa ya ce masa ba komai. 'Yan'uwana mata da aka bar wa sana'a kuma, ku koyi cikinta da kanku, domin masu jiran ku faɗi ba sa gajiya da jira.

Na sa sabon makunni a satin. Yanzu ko gaisawa zan tsaya yi sai na sunkuya na murɗa shi, kuma duk sanda na murɗa sai na yi wa marigayi addu'a, in nemi yafiyar tsiyar da na yi masa. Hoton shanun kuwa ban goge ba. Duk wanda ya tare ni yana murmushi ya ce ke ce wadda shanu suka ja, sai in ce ni ce, in ciro waya in nuna masa wurin da inji ya kama.