Injin Fijon Malam Badaruddeen

Duk wanda ya zauna a layinmu na Karu ya san Malam Badaruddeen, ko bai san fuskarsa ba ya san ƙafafunsa. Ran Asabar da safe in ka wuce, su za ka gani sun leƙo daga ƙarƙashin wata farar Fijo 504, silifas ɗaya a ƙafa, ɗaya can gefe. Ni Usaini, katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa shekara ashirin da shida, kuma rabin hirar da muka yi a duniya yana kwance a ƙarƙashin motar nan muka yi ta.

Mutumin Malumfashi ne. Ya yi aikin gwamnatin tarayya har ya kai mataimakin darakta, ya yi ritaya. Amma in ka ce masa "ranka ya daɗe darakta" sai ya ja tsaki, in ka ce "bakanike" sai ya washe baki. Motar sabuwa fil ya saye ta, haɗin Kaduna, a 1984, kuma da ita ya kwaso iyalinsa daga Legas lokacin da aka dawo da ma'aikatarsu Abuja. Tun da ya saye ta babu bakaniken da ya taɓa kwance masa ko noti ɗaya a injin. Sau biyu yana sauke injin nan da hannunsa, ya baje shi a kan tabarma, ya wanke kowane ƙarfe da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ya mayar da kowa gurbinsa. In mota ta soma ciwo ba ya tambayar kowa. Doguwar sukudireba yake ɗorawa a jikin injin, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Can sai ka ji ya ce, "Na uku ne ke tari." Ya cire fulogi na uku, kuma wallahi shi ɗin ne.

Ni aikina tsokana. "Malam, tsohuwar nan taka ai ita ma ta isa fansho."

"Rufe mini baki, Usaini. Motocinku na yanzu kwamfuta ce aka sa wa taya. In ta mutu maka a hanya sai dai ka tofa mata addu'a."

Duk ranar da ya gama wani gyara, sai ya ɗauke ni mu hau hanyar Keffi har Uke, mu ci kifi mu juyo. Ba ya kunna rediyo, kuma in na cika surutu sai ya ɗaga mini yatsa, wai yana sauraron inji.

Bayan rasuwar matarsa, Hajiya Maimunat, motar nan ce kawai ke fito da shi daga ɗaki. 'Ya'yansa biyu, Umar Farouk da ke aikin banki da Nabilah likita, yara ne na kirki, ba zan ci musu alhaki ba. Abin da ke damunsu shi ne su zo su tarar da ubansu, mai kusan shekara saba'in, kwance a ƙasa da baƙin mai har gwiwar hannu, ko ya isa gidansu jiƙe sharkaf da zufa saboda motar ba esi. Sun saya masa sabuwa, ya ce su mayar. Su a ganinsu wahala yake sha.

Da ya cika saba'in suka biya masa Umara, sati uku. Ana gobe zai tafi ya miƙo mini makulli ta kan katanga. "Duk kwana uku ka tada ta, ka bar ta ta yi zafi minti goma, ka kashe. Kada ka ba kowa. Amana ce, Usaini."

Kwana biyu da tafiyarsa sai ga yaran a falona. "Ankul, ba-zata muke so mu yi wa Abba. Fenti kawai za a yi mata, a sake kushin, a sa ɗan esi." Na ɗan yi gardama, Nabilah ta marairaice, ni kuma na tuna yadda fentin ya dusashe. Na ce a raina ai alheri ne. Ni da bakina na ce "to", ni da hannuna na miƙa makullin. Kaico! Ni da na yi shekara ashirin da shida ina kallon yadda ake lallaɓa injin nan, ko a bakina ban ce musu kada a taɓa shi ba.

Ana gobe Malam zai dawo aka kawo mota. Tana sheƙi, kai ka ce daga kamfani. Amma ina tsakar gida ta shigo layi ban ji shigowarta ba, motar da a da tun daga kwanar masallaci nake gane ta. Na fita da sauri na ɗaga bonet. Wani inji ne na Japan a ciki, an lulluɓe shi da baƙar roba.

"Ina injin?"

"Ankul, bakaniken ya ce tsohon ba zai ja esi da kyau ba, gara a sa na zamani. Yanzu Abba ya huta da gyara."

"Na ce ina tsohon?"

"Mun bar masa."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan dakali.

Washegari suka ɗauko shi daga filin jirgi. An ɗaura wa motar jan ƙyalle, Nabilah ta ɗaga waya tana ɗauka, Umar Farouk ya shiga ya murɗa makulli. Ni fuskar Malam nake kallo. Murmushin da ya fara da ya ga fenti ya tsaya cak. Ya ɗan karkata kai, ya saurara. Bai ɗaga bonet ba, bai yi tambaya ba. Ya daɗe tsaye da carbi a hannu, sannan ya ce, "Kai, masha Allah. Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku masu yi muku." Nabilah har da hawayen murna.

Gari na wayewa ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. "Ɗauko motarka, Usaini, ka kai ni Apo, wajen bakaniken da ya yi aikin." Bai yi zancen makulli ba, ni kuwa da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Bakaniken wani ƙato ne mai fara'a, yana ta yabon aikinsa. "Oga, wannan injin ai ya tsufa, babu mai saya. Na ba 'yan gwangwan tun wancan sati." Muka bi sawu. Wannan ya ce a tambayi wancan, wancan ya ce an wuce da kaya kasuwar gwangwan ta Dei-Dei. Kwana uku muna yawo cikin tsibin ƙarafa, dattijo da farar shadda yana ɗaga tsofaffin ƙofofi da ledoji yana leƙawa. A rana ta uku wani dillali ya tuna. Ya ce sun sa guduma sun farfasa shi don su raba farin ƙarfe da baƙi, baƙin kuma tirela ta kwashe zuwa inda ake narkarwa. Ya nuna mana tarin farin. Malam ya durƙusa yana tonawa, har ya zaro wani ɓari na kan injin, bai fi tafin hannu biyu ba. Ya goge shi da hannun riga, ya shafa wasu ɗigo uku da ya taɓa bugawa da ƙusa don kada ya rikita wajen mayarwa.

Dillalin ya ce, "Baba, ɗauka kyauta."

Ya juya shi, ya sake juyawa, ya mayar kan tarin. "Bar shi. Me zan yi da ɓari?"

A mota na kasa daurewa. Na ce, "Malam, injin 504 bai ƙare a ƙasar nan ba. Mu je Kaduna, ni zan nemo maka wani."

"Akwai na mutane, Usaini. Nawa guda ɗaya ne. Shekara arba'in na yi kafin na gane muryarsa, ina zan samo wasu arba'in?"

Na faka a gefen titi, na fashe da kuka, ni da furfurata. Na ce ya yafe mini, na ci amana. Ya dafa kafaɗata. "Kai fenti aka ce maka. Na yafe. Abu ɗaya nake roƙo, kada yaran su ji. Don su faranta mini suka yi."

Daga nan bai ƙara shiga ƙarƙashin mota ba, don babu abin da ya sani a cikinta. In yaran za su zo sai ya sa a wanke ta, ya ɗauke su zagaye, ya kunna esi, ya ce kai, sanyi kamar Jos. In sun tafi ya rufe ta da tamfol. Akwatin sufanunsa ya ba wani mai faci a bakin kasuwa. Ran Asabar sai ya fito da kujera ya zauna a ƙofar gida, hannu biyu a cinya, har rana ta kore shi. Wata goma sha huɗu ya yi a haka, ya kwanta ciwo na sati ɗaya, Allah ya karɓi abinsa. Ba zan ce inji ne ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma na ga yadda mutum ke raguwa a zaune, kuma har gobe abin yana cin raina. Da Hausa na rubuta wannan don na san yaran, tashin Abuja, ba sa karanta ta.

Ranar addu'ar uku, mutane sun watse, Umar Farouk ya zo ya durƙusa a gabana, idonsa jajur. Ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Ankul, abu ɗaya ke sanyaya mini zuciya. Ko ba komai mun gyara masa motar nan kafin ya tafi. Kai ka fi kowa saninsa. Ya ji daɗinta, ko?"

Na dubi yaron nan, maraya, yana jiran amsa.

Na ce, "Ya ji daɗi, Umar. Ya sa muku albarka a gabana."