Dutsen Gugan da Baffa Ya Kawo

Shekaranjiya ina wucewa ta layin teloli a kasuwar Batsari, sai na ji dutsen gugan wani ya furzo tururi, irin ƙarar nan ta ruwa idan ya haɗu da ƙarfe mai zafi. Ƙamshin atamfa mai ɗumi ya biyo baya. Na tsaya cak da ledar cefane a hannu, har sai da wani mai babur ya ce, "Baiwar Allah, a ba mu hanya." Kai mai karatu wataƙila ba ka ɗauki wannan ƙarar a bakin komai ba. Ni kuwa ɗakin kakata take mayar da ni.

Mu asalinmu mutanen wani ƙauye ne a gefen Babban Duhu. Ina da shekara goma sha ɗaya ɓarayin daji suka kore shanunmu kaf, muka taso da abin da kai zai iya ɗauka, wani ɗan'uwa ya ba mu ɗakuna biyu a Batsari. Kakana namiji, wanda muke kira Tsoho, bai shekara a garin ba. Ba wani ciwo ya yi ba. Zama kawai yake a ƙofar gida, ranar kasuwa ya yi ta bin shanun mutane da kallo. Kafin ruwan farko ya sauka Allah ya karɓi abinsa.

An rabar da tufafinsa sadaka, amma Kaka ta riƙe farar rigar da yake zuwa idi da ita. Rigar ta tsufa, kafaɗunta sun cinye, gara kuma ta taɓa ta a cikin akwati. Da Kaka ta baje ta a tabarma ta bi ta da tafin hannu, gurbi uku kaɗai ta samu masu lafiya, kowanne bai wuce faɗin faifai ba.

Sana'ar Kaka tun a ƙauye ita ce bargon ƙyallaye. Takan karɓo ragowar yadi wurin teloli, ta yanka daidai-daidai, ta haɗa da allura da zare, ta sa tsohon zani a tsakiya don kauri, sannan ta bi shi da ɗinki layi-layi. Duk haɗin da ta yi sai an goge shi ya kwanta kafin a ƙara wani, in ba haka ba bargon ya fito a karkace. Sai ta ƙudurta za ta yi uku: na babana, na goggona da ke aure a Darini, da na Baffa, autanta, wanda ke aiki a Katsina. Kowanne za ta sa masa farin ƙyalle ɗaya na rigar Tsoho a tsakiya.

Dutsenta na gawayi a ƙauye muka baro shi, don haka aro muke yi wurin maƙwabciya. Baffa ya zo wata Juma'a ya tarar da ni ina fifita gawayi, hayaƙi ya sa Kaka tari. Zuwansa na gaba sai ga shi da kwali. Dutsen guga ne na lantarki, fari da shuɗi, mai wurin zuba ruwa.

"Inna, kin huta da hayaƙi," in ji shi. "Wannan da kansa yake yayyafa ruwa."

Kaka ta shafa shi kamar jariri, ta yi ta sa masa albarka. Amma tsoron wutar lantarki take, don haka guga ta dawo hannuna. Ita ke ɗinki, ni ke gogewa.

Makon farko abin sha'awa ne. Tururi ya fito, haɗin ya kwanta lumui. Daga nan ya fara yoyo. Ina cikin guga sai in ga ɗigo ya biyo bayansa, wani lokaci ya tofo wani farin gari kamar alli. Takardar da ke cikin kwalin da Turanci take, ƙananan rubutu, ni kuma ina aji huɗu. Na rage ruwan, ya zuba. Na cika shi, ya fi zuba. Babana ya kai shi wurin mai gyaran rediyo, mutumin ya kwance ya hura ya ɗaure, ya ce lafiyarsa lau. Maƙwabciya ta ce a zuba masa kanwa ta wanke cikinsa, muka zuba. Ruwan da muke ba shi na rijiyar gidan ne, mai zartsi, wanda ko sabulu ba ya kumfa a cikinsa. Ba wanda ya kawo haka a ransa.

Da abin ya ishe mu muka koma aron na gawayi, da shi muka gama na babana da na Goggo. Damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, aka zo kan na Baffa. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ƙasa na ƙamshi, aka kawo wuta. Ba ta da ƙarfi, ƙwan fitilar ɗakin ja yake kamar garwashi. Kaka ta ciro ƙyalle na ukun daga ƙarƙashin matashinta.

"Ƙawata," haka take kirana, "ɗauko dutsen baffanki. Nasa da abinsa za a goge."

"Kaka, yana zubar da ruwa fa."

"Ruwa ne, ai zai bushe. Na gawayin nan kuwa in ya tofa masa wuta, ina zan samo wani?"

Na gwada a kan wani tsumma, bai zuba ba. Na yi bisimilla na ɗora shi a kan farin ƙyallen. Na ja sau ɗaya, na ja na biyu. A na uku sai na ji ya yi wani kurɓi, da na ɗaga, ruwa ne ja-ja, kalar tsatsa, ya malale tun daga tsakiya har gefe. Zafin dutsen kuma ya riga ya gasa shi a cikin zaren.

Ban yi kuka nan take ba. Tsayawa na yi da dutsen a hannu yana ci gaba da ɗiga a ƙafata. Kaka ta ɗauki ƙyallen ta kai shi bakin ƙofa wurin haske, ta daɗe tana kallo. Abin da ta ce kawai shi ne, "Cire shi daga wuta, kada ki ƙone."

Kwana huɗu muna fama. Muka matsa lemun tsami da gishiri muka shanya a rana, tabon ya dushe kaɗan ya tsaya. Muka jiƙa shi a ruwan tsamiya. Muka cuɗa da sabulu. A rana ta huɗu na samo bilic, ruwan nan mai faranta tufafi, wurin wata mai wankau, ban gaya wa kowa ba, na tsoma shi. Tabon ya ƙara duhu, yadin da ya riga ya tsufa kuma ya saki. Ina ɗaga shi yatsana ya huda tsakiyarsa. A nan ne na yi kukan. Kaka ta zauna kusa da ni a bakin rijiya, ba ta rarrashe ni ba, ba ta yi faɗa ba. Ta karɓi abin da ya rage ta matse, ta naɗe a gefen zaninta.

Washegari ta ciro farin mayafin da ta yi takaba da shi, ta sa almakashi ta yanki faɗin faifai. Shi ta ɗinka a tsakiyar bargon.

"Kada baffanki ya ji," ta ce. "Da zuciya ɗaya ya kawo. In ya sani, ba zai ƙara iya kawo wa kowa komai ba."

Da Baffa ya zo karɓa ya durƙusa ya gaishe ta, suka daɗe suna tambayar gida da aiki da ruwa. Ta miƙa masa bargon. Ya ɗora hannu a kan farin gurbin, idonsa ya ciko. Can ya tambaya ko dutsen yana yi mata aiki. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka," ta shiga wata maganar. Ni ina tsaye da kwanon furarsa, na ajiye na fita.

Yau ni ma ɗinki nake ci da shi. Na san cewa dutse mai tururi ba ya son ruwan zartsi, ba ya tururi in wuta ba ta da ƙarfi, kuma in an gama a juye ruwan cikinsa. Na san da mun bar shi babu ruwa mun yayyafa da hannu, da ba abin da zai faru. Ilimin duka bai wuce numfashi ɗaya ba, amma a lokacin babu mai gaya mana a duk unguwar. Yanzu ko yarinyar da ta fara koyo jiya tana iya tambayar waya ta ji. Bargon ƙyallaye kuma ba mai nema, na kanti ya fi sauƙi da laushi.

Kaka ta rasu da maganar a cikinta. Babana bai taɓa sani ba. Bara da sallah na je gidan Baffa a Katsina, kansa ya yi furfura, ya sa aka ɗauko bargon don ya nuna wa 'ya'yansa. Ya kama hannun ƙaramarsu ya ɗora a tsakiya.

"Wannan rigar kakanku ce," ya ce. "Da ita yake zuwa idi. Ga yayarku nan, a gabanta aka ɗinka. Ko ba haka ba?"

Duk suka juyo suna kallona. Na ce, "A gabana aka ɗinka, Baffa."